Wa ke Kallon Numfashin Majiyyaci? Darasi daga New York zuwa Malanville

Duk wanda ya daɗe yana fama da gyambon ciki a Malanville, ya sha maganin kanti ya sha na gargajiya abin bai lafa ba, wata rana likita zai ce masa sai an leƙa tumbin an gani. Masu karatun Faransanci suna cewa fibroskopi, na wajen Najeriya su ce endoskopi. Siririn tiyo ne da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa, a zura shi ta baki ya bi maƙoshi ya sauka tumbi har farkon hanji. Akwai kuma wanda ake bi ta dubura don duba babban hanji. Ga mutanen wannan bakin kogi, takardar gwajin nan sau da yawa takardar tafiya ce. Wani ya nufi Paraku, kilomita fiye da 300, wani ya zarce Kwatano, fiye da 700, wani ya ƙetare Gaya ya kama hanyar Yamai, wani kuma ya bi ta Kamba zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ko'ina aka nufa, tambayar farko ɗaya ce: "Likita, za a sa ni barci dai ko?" In aka ce e, sai hankali ya kwanta.

Ni kuwa a nan ne nake son hankali ya ɗan tashi. Tiyon da ake jin tsoro ba kasafai yake ɓarna ba. Kaso mafi tsoka na munanan matsalolin da ke aukuwa a wannan gwaji daga numfashi da zuciya suke zuwa, kuma allurar barcin da muke roƙo ita ce ƙofarsu. Allurar ba guba ba ce, rahama ce ma in ta samu hannu mai kula. Amma tana da sharaɗi guda da ba ya sassautuwa: a samu mutum wanda ba shi da wani aiki a ɗakin sai kallon numfashin wanda aka kwantar.

Ranar 28 ga Agusta 2014, wata shahararriyar mai barkwanci a talabijin ɗin Amurka, Joan Rivers, mai shekara 81, ta shiga wani ƙaramin asibiti mai suna Yorkville Endoscopy a birnin New York. Ba a ɗauke ta aka kai ta ba, da ƙafarta ta je. Muryarta ce ta dushe, ga ƙwannafi, aka ce a duba. Aka yi mata allurar barci ta propofol, aka fara aiki. Ana cikin haka iskar oksijin ta yi ƙasa a jininta, numfashi ya tsaya, zuciya ta bi baya. Kafin a farfaɗo da ita a garzaya da ita babban asibitin Mount Sinai, ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace. Ba ta sake farkawa ba, ta rasu ranar 4 ga Satumba.

Da hukumar tarayya mai sa ido kan irin waɗannan asibitoci ta bincika, abin da ta gano ya fi mutuwar kanta ban mamaki. Ba a rubuta nauyin matar ba kafin a ba ta maganin, alhali da nauyin jiki ake lissafa shi. Adadin propofol da aka rubuta a takardunta ya saɓa wa juna. Wata likitar maƙogwaro da ba ta da izinin aiki a wannan asibiti ta shiga ɗakin ta yi nata binciken, ba tare da an samu sa hannun majiyyaciyar a kan hakan ba. Wani ma ya ciro waya ya ɗauki hoto tana kwance cikin barci. Babban laifin kuwa, ma'aikatan ba su lura da cewa alamun rayuwarta suna raguwa ba, kuma ba su ɗauki mataki a kan lokaci ba. 'Yarta ta kai ƙara a 2015, aka sasanta a 2016.

A lura da inda abin ya faru. Ba wuta aka ɗauke ba, ba oksijin ne ya ƙare ba, ba kuɗi suka gaza ba. Na'urori suna nan, likitoci suna nan har sun yi yawa, majiyyaciyar kuma attajira ce da duk ƙasar ta sani. Abin da ya ɓace shi ne ido. In gemun New York ya kama wuta a kan wannan, mu da ke yankin Malanville sai mu nemi ruwa.

Ga yadda abin yake a jiki. Barcin allura ba hawa-hawa yake ba da za a ce an tsaya a mataki na biyu an ƙi na uku, gangare ne. Likita yana nufin majiyyaci ya yi laushi, ya rage fargaba, amma in an kira sunansa ya amsa. Ƙarin magani kaɗan, ko tsufa, ko raunin hanta, sai mutum ya zarce can ƙasa inda harshe ke faɗawa baya ya toshe hanyar iska, numfashi ya yi sama-sama, ko ya ɗauke. Ga kuma tiyo a baki yana raba hanya da iska, ga yawu da ruwan tumbi da za su iya kwarara cikin huhu. Wanda ke cikin wannan hali ba ya ihu, ba ya fizge-fizge. Shiru yake yi, kuma shirun nan ne mai riƙe da tiyo ke ɗauka cewa komai na tafiya daidai. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta yi minti huɗu zuwa shida babu oksijin, ɓarnar ba ta gyaruwa.

Magungunan ba ɗaya suke ba. Midazolam da 'yan'uwansa irin su diazepam suna da makari, flumazenil. Masu kashe zafi dangin morfin, irin su fentanil da fetidin, su ma suna da nasu, naloxone. In aka haɗa dangin biyu, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi, shi ya sa ake rage adadi a kuma bayar sannu a hankali. Propofol, farin ruwan nan da ya shiga kasuwa a Ingila a 1986, likitoci suna son sa domin yana kamawa nan take kuma yana saki da wuri, mutum ya farka garau. Amma ba shi da makari. In ya tsayar da numfashi, mafita ɗaya ce: a ɗaga haɓa, a buɗe hanyar iska, a hura wa mutum oksijin har maganin ya sake shi. Shi ne maganin da ya kashe mawaƙin nan Michael Jackson a 2009, a ɗakin kwanansa, bayan likitansa ya ba shi ya fita ya bar shi.

To me ya hana mai duba cikin ya riƙa duba numfashin shi ma? Ku dubi direban tirela da ke juya kan motarsa a tashar Malanville: idonsa na gaba, hannunsa na kan sitiyari, yaron mota ne ke ƙasa yana duba masa baya yana bubbuga bodi. Mai endoskopi idonsa na kan allon talabijin yana neman gyambo ko tsiro, hannunsa biyu a kan na'ura. Ma'aikaciyar jinyar da ke miƙo masa kaya ita ma hankalinta na kan tiyo. Dole a samu na uku a wajen kan majiyyaci, kuma in barcin mai zurfi ne, na ukun nan ya zama wanda ya koyi aikin sa barci da ceton numfashi.

New York ta nuna yadda ake faɗuwa. Yadda ake tashi kuwa Ingila ce ta nuna, kuma darasinta ya fi amfani gare mu domin da ƙidaya ta fara, ba da sayen kaya ba. A farkon shekarun 1990 likitocin can suka bi diddigin gwajin tumbi 14,149 a yankuna biyu na ƙasar, aka buga sakamakon a 1995. Suka tarar mutum ɗaya cikin 2,000 yana mutuwa, galibi ta hanyar numfashi da zuciya. Kashi 40 cikin ɗari kawai aka sa wa na'urar auna oksijin a yatsa, wato oksimita, kuma kusan ɗaya cikin takwas ne aka ba oksijin. Wato Ingila ta wancan lokaci ba ta yi wa asibitocinmu na yau nisa sosai ba. A 2004 wani babban bincike ya duba mutum 1,818 da suka rasu cikin kwana 30 bayan an yi musu aiki ta endoskopi, masana suka ce a kusan kashi 14 cikin ɗari maganin barcin da aka bayar bai dace ba, yawanci ya yi wa tsofaffi yawa.

Abin da ya fi burge ni ya zo a Disamba 2008. Hukumar kare lafiyar majiyyata ta ƙasar ta tattara rahotanni 498 na kuskuren adadin midazolam cikin shekara huɗu, uku daga ciki sun kai ga mutuwa. Ba ta tsaya wa'azi ga ma'aikata su ƙara kula ba. Ta gano cewa maganin yana zuwa a kwalabe masu ƙarfi daban-daban, mai gajiya ko mai sauri yana iya zuƙar mai ƙarfi yana zaton mai sauƙi ne. Sai ta ce a kwashe masu ƙarfin daga ɗakunan irin wannan gwaji, a bar mai miligiram ɗaya a kowane mililita. Ta kuma ce a riƙa ƙirga sau nawa aka yi amfani da makari, domin duk ɗakin da ke yawan buɗe kwalbar flumazenil, hannun masu allurarsa ya yi nauyi. Wannan gyara bai ci ko sisi ba. Shugaban kowane asibiti daga Kandi zuwa Doso zai iya yin sa da safiyar gobe, da biro da makullin kabad.

Mu dawo gida. A 2005 likitocin Lome, a maƙwabciyarmu Togo, suka buga wani bincike da ya girgiza masu wannan sana'a a duniya: a babban asibitin koyarwarsu, kusan mutum ɗaya cikin 133 da aka sa barci don tiyata ya mutu a sanadin sa barcin, mutuwar da za a iya kauce mata. Sun cancanci yabo da suka ƙirga suka kuma faɗa. A 2010 wani ƙiyasi a mujallar Lancet ya ce akwai ɗakunan tiyata kusan 77,000 a duniya da ba su da na'urar yatsan nan, kuma Afirka kudu da Sahara ce kan gaba a rashin. A kan haka aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011, tana raba wata mai ƙwari, mai batir, da kuɗinta ya kai kimanin dala 250. Kwatanta wannan da kuɗin na'urar endoskopi, wadda ake maganar miliyoyin sefa. Wanda ya iya sayen kyamara ya ce oksimita ta fi ƙarfinsa, ba talauci ke damun sa ba.

Benin ba ta zauna ba. A 1996 jami'ar Kwatano, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Martin Chobli da haɗin gwiwar jami'o'in Beljiyam, ta fara horar da likitocin sa barci, kuma ɗalibanta sun bazu a ƙasashen Afirka masu Faransanci. Sai dai likitan da ya ƙware yakan tsaya a babban birni ko ya wuce waje. A arewa, nauyin yana kan ma'aikatan jinya da suka koyi sa barci, kuma su ne ya kamata a ƙarfafa, a ba su kaya, a kuma ba su ikon cewa "a dakata" ko da babban likita ne ke riƙe da tiyo.

Na'urar yatsan ma tana da nata sharri da ya shafe mu kai tsaye. Haske take harbawa ta cikin fata ta karanta launin jini. A Disamba 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa a baƙar fata takan yi ƙarin gishiri: a lokutan da ta nuna lamba mai kyau, 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata oksijin na gaskiya ya faɗi ƙasa da 88, alhali a farar fata bai kai kashi 4 ba. Ga kuma abin da likitan Ingila ba zai cika tunawa ba: ƙunshi. Baƙin lalle mai duhu da jan farce suna iya rikita karatun na'urar. Don haka mace mai zuwa gwaji ta bar yatsa ɗaya babu ado, in ba haka ba a maƙala a kunne. Kuma in ana ba mutum oksijin ta hanci, lambar takan daɗe tana da kyau bayan numfashi ya riga ya tsaya. Akwai na'urar da ke auna iskar da mutum ke fitarwa, tana kama wannan da wuri. Inda babu ita, ido a kan ƙirji da tafin hannu kusa da hanci su ne madadin. Shuɗin leɓe da littattafan Turawa ke cewa a duba, a fatarmu ba ya bayyana sai abu ya yi nisa.

Akwai wani haɗarin da ba na numfashi ba. A 2008 hukumar lafiya a Las Vegas ta aika wa mutum kusan 40,000 takarda su je a gwada su ciwon hanta da ƙanjamau, saboda a wani asibitin endoskopi ana mayar da sirinjin da ya taɓa majiyyaci cikin kwalbar propofol, sannan a zuƙi ragowar a yi wa na gaba. Mutane sun kamu da ciwon hanta nau'in C, mai asibitin kuma aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2013. Tsimi ne ya jawo, kar a zubar da ragowar magani mai tsada. A yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu kamar namu, sauya allura kaɗai bai isa ba: sirinji ɗaya, kwalba ɗaya, mutum ɗaya.

Yanzu ga abin da na san wasu ba za su so ji ba. Gwajin tumbi na dubawa kawai, ba tare da wani aiki a ciki ba, yakan ɗauki minti biyar zuwa goma, kuma ana iya yin sa ido biyu. A fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a kwantar da mutum ta hagu, a riƙa yi masa magana. Ba daɗi, akwai yunƙurin amai da hawaye, amma mutum yana numfashi da kansa, yana gamawa ya tashi ya kama gabansa. Haka ake yi wa ɗimbin mutane a ƙasashen da ba su rasa komai ba. Basil Hirschowitz, likitan da ya ƙera irin wannan tiyo mai lanƙwasa a 1957, a kansa ya fara gwadawa, ya haɗiye shi. Saboda haka likitan da ya ce maka "ba ni da mai kula da barci yau, mu yi da feshi," ba rowa ya yi maka ba, ya fi wanda zai yi maka allura shi kaɗai don ka yaba masa. Akwai inda barcin ya zama dole: yara, mai tsananin fargaba, doguwar dubawar babban hanji, ko mai aman jini da za a ɗaure masa jijiyoyin maƙoshi. Waɗannan kuwa wurinsu asibiti ne mai oksijin, da na'urar zuƙe yawu, da jakar hura iska, da janareta mai tashi.

Majiyyaci ma yana da nasa kason. In an ce kar ka ci abinci awa shida kafin gwaji, to koko da fura da nono da shayi mai madara duk abinci ne. Farin ruwa kaɗai ake yarda da shi, shi ma a tsaya awa biyu kafin a fara. Mu da muka saba da azumi wannan ba zai gagare mu ba, sai dai mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da maganinsa. Ka faɗa wa likita gaskiya: in kana shan taramol don ƙarfin aiki, ko ƙwayar barci, ko giya, ko jiƙo da saiwoyi, ka faɗa, domin duk suna canza yadda allurar za ta kama ka. Ɗakin likita ba kotu ba ce. In kana minshari mai ƙarfi har iyali na cewa numfashinka na ɗaukewa cikin dare, in kana da asma, ciwon zuciya, hanta ko ƙoda, in kina da juna biyu, in kana da haƙorin roba ko mai girgiɗi, duk a sani. Tsoho ɗan shekara 70 rabin abin da ake ba saurayi ya ishe shi, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Bayan an gama, farkawa ba warkewa ba ce. Midazolam yana goge tunanin abin da ya faru, mutum ya yi hira da likita daram, ya fita bai tuna ko kalma ɗaya ba. Don haka a tafi da ɗan rakiya babba mai hankali, ya saurari bayani, a kuma karɓi sakamako a rubuce. Har awa 24 ba tuƙi, ba hawa babur kai kaɗai, ba ƙulla ciniki ko ƙirga kuɗin mutane. Ga ɗan Malanville wannan yana nufin a sa kuɗin kwana ɗaya a lissafin tafiya, kar a fito daga ɗakin gwaji a faɗa motar dare. Da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, jama'a sun koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale, kuma mai magagin allura ba shi da abin yi a bakin jirgi. In kuwa bayan an dawo gida aka ga ciwon ƙirji ko ciki mai tsanani, zazzaɓi, aman jini ko baƙin bayan gida, a nufi asibiti mafi kusa a daren, kar a jira wayewar gari.

Gari mai kasuwa irin ta Malanville, wadda ake lissafa ta a sahun gaba bayan Dantokpa ta Kwatano, da mutanen ƙasa uku ke haɗuwa a cikinta, ba zai rasa masu son kawo wannan gwaji kusa da jama'a ba, na gwamnati ko na kuɗi. Muna maraba, domin kansar tumbi da ake ganowa a makare da aman jinin da ke kashe masu ciwon hanta sun fi allurar barci kisa nesa ba kusa ba. Roƙona ga hukumomin lafiya na Malanville da Karimama, da 'yan kasuwar da ke tara kuɗi don taimakon asibiti, shi ne kar a ba kowa izinin sa mutum barci don wannan gwaji sai ya nuna ma'aikacin da zai tsaya a kan majiyyaci, da oksimita, da oksijin, da littafin da ake rubuta duk wanda numfashinsa ya samu matsala. Kai kuma da ke riƙe da takardar gwaji, kafin ka hau gadon ka yi tambaya cikin ladabi: "Likita, in na yi barci, wa zai tsaya yana kallon numfashina?" In ba a nuna maka mutum ba, ka ce a yi maka da feshi, ko ka nemi wani asibitin.